Gayyar Kwamfutoci da Titin Haske: A Riƙa Sa Ladan Ɗan Aike Cikin Lissafi

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, malamin ilmin kwamfuta, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya a birnin Zariya.



Da farko ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ga ya dace a ba ni wannan dama. Ran da Sakatare ya same ni a gida ya ce ni zan yi jawabin bana, sai na tambaye shi a kan me. Ya ce a kan sana'arka, amma da sharaɗi biyu: a yi da Hausa, kuma kada kowa ya yi gyangyaɗi. Na farko na ɗauka. Na biyu kuwa sai abin da hali ya yi, tun da na ga an riga an ci tuwo. Ina kuma neman afuwar malamanmu, musamman Malam na lissafi da ke zaune a gaba, wanda ya san irin wahalar da ya sha kafin lissafin sau ya zauna a kaina. Idan na yi kuskure yau, Malam, a gyara mini kamar yadda aka saba.

Abin da zan yi magana a kansa shi ne yadda ake haɗa ƙwaƙwalen kwamfuta masu yawa su yi aiki ɗaya a lokaci ɗaya, da yadda masana suka yi tunanin haɗa su da haske maimakon wayar lantarki, da kuma wani gurbi da aka bari a cikin lissafin, wanda ya ɗauki shekaru ana gardama a kansa. Na zaɓi wannan batu ne domin ya shafi shawarar da ke gabanmu ta gina wa makarantarmu ɗakin kwamfuta, kuma zan dawo kan wannan kafin in zauna.

Gayya da iyakarta

Dukkanmu mun san gayya. Gonar da mutum ɗaya zai yi kwana goma yana nome ta, samari goma sukan gama ta kafin la'asar. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan ƙaramin abin da ke yin ainihin lissafi, wanda zan riƙa kira ƙwaƙwalwa. Shekaru da dama maƙera kwamfuta sun dogara ne ga ƙara wa ƙwaƙwalwa ɗaya sauri. Amma wajen shekarar 2005 wannan hanya ta ci karo da matsalar zafi da cin wuta, sai aka koma ga gayya. Shi ya sa a yau wayar hannu da ke aljihun yawancinmu ma tana ɗauke da ƙwaƙwale da dama, wata har takwas. Babbar kwamfutar nan mai suna Frontier, ta cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka, a shekarar 2022 ta zama ta farko da aka tabbatar ta haura lissafi biliyan sau biliyan a cikin sakan ɗaya, kuma da gayyar miliyoyin ƙwaƙwale ta yi haka. Waɗanda suke karanta jaridu a farkon shekarun 1990 za su tuna da Philip Emeagwali, ɗan Nijeriya da ya sami rabo a lambar yabo ta Gordon Bell a 1989, saboda lissafin rijiyoyin man fetur da ya yi a kan kwamfutar Connection Machine, wadda ake iya sa mata ƙwaƙwale har 65,536.

To, amma gayya tana da iyaka, kuma wani injiniya mai suna Gene Amdahl ya bayyana ta tun 1967. A ce aiki na awa 100 ne, amma awa 10 daga ciki ba ya rabuwa, dole mutum ɗaya ya yi shi. In aka sami mutum 9, awa 90 ɗin nan za ta koma 10, jimla awa 20. In aka sami mutum 90, za ta koma awa 1, jimla 11. Ko da za a gayyato duk samarin da ke tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, aikin ba zai taɓa yin ƙasa da awa 10 ba. Maginanmu sun san wannan tun kafin Amdahl. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim yana nan kusa da mu. Kwaɓa ƙasa da yin tubali aiki ne da hannu da yawa ke gaggauta shi, amma ɗaurin baka sai an jira na ƙasa ya bushe kafin a ɗora na sama, kome yawan leburori.

Samfurin da ya manta da ɗan aike

Kafin a kashe kuɗi a ƙera kwamfuta, masana sukan zana ta a takarda, su ce ga dokokinta, ga abin da kowane mataki zai ci na lokaci. Wannan zane shi nake nufi da samfuri, kuma da shi ake auna ko wata dabarar lissafi ta fi wata sauri. A 1978 Steven Fortune da James Wyllie suka fito da samfurin da ya yi suna, wanda ake kira PRAM. A cikinsa an ɗauka cewa duk ƙwaƙwalen suna da rumbu ɗaya, kowace za ta miƙa hannu ta ɗebo abin da take so a mataki ɗaya tak, ba tafiya, ba cunkoso a bakin rumbu. Samfurin ya yi amfani ƙwarai wajen koyar da yadda ake rarraba aiki, har gobe muna karantar da shi. Illarsa ita ce ya ɗauka aike kyauta ne.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarko. Ina sabon malami, muka haɗa tsofaffin kwamfutoci takwas da waya a wani ɗaki, na raba musu lissafi ɗaya, na kuma shaida wa ɗalibaina da bakina cewa za su ga sauri ninki takwas. Da aka kunna, ko ninki biyu ba mu samu ba. Kwamfutocin sun ɓata yawancin lokacinsu ne suna jiran saƙon juna. Na yi lissafin dokin Rano a gaban yara, kuma tun ranar ban sake auna aiki ba tare da na tambayi kuɗin aike ba.

Dalilin jiran shi ne irin hanyar da ke tsakaninsu. Turawa suna kiran wayar da ƙwaƙwale da yawa ke tarayya a kanta da suna bas, kamar dai motar haya da kowa ke shiga. Bas na lantarki kamar siririn lungu ne na cikin birni, wanda in mai amalanke ɗaya ya shigo, sauran sai su tsaya har ya fita. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke magana a lokaci guda, saura na sauraro. In suna da yawa, layin jira ya yi tsawo.

Titin haske

A 1966 Charles Kao da abokin aikinsa George Hockham, a Ingila, suka nuna cewa in aka tace gilashi sosai, za a iya aika saƙo da haske ta cikin zarensa zuwa nesa. Kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare a 1970, shi kuma Kao ya sami lambar Nobel a 2009. Haske a cikin zaren gilashi yana da halaye biyu da suka ja hankalin masana kwamfuta. Na ɗaya, gaba kawai yake yi, ba ya bazuwa gaba da baya kamar lantarki a waya. Na biyu, saurinsa sananne ne, kimanin kilomita 200,000 a sakan, watau santimita 20 a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na sakan, wanda ake kira nanosakan.

Ga amfanin haka. Ku ɗauka mutum goma sun jeru a bakin rafin Kubanni da damina, tsakanin kowane da na kusa da shi taku biyar. Aka buga ganga, kowa ya saki ƙwaryarsa a ruwa a lokaci ɗaya. Ƙoren nan goma za su bi ruwa a jere, ba wadda za ta cimma wata, domin ruwa ɗaya ke tafiya da su, muddin tazarar da ke tsakanin mutanen ta fi faɗin ƙwarya. Haka titin haske yake. Duk ƙwaƙwalen suna iya sakin saƙonsu tare a kan zare ɗaya. Ana lanƙwasa zaren kamar ƙugiya, a tafiya ya bi ta gaban kowa ya karɓi saƙo, a dawowa ya sake bi ta gaban kowa ya sauke.

Sai tambaya: yaya saƙo zai san gidan da zai sauka? Masana uku na Jami'ar Pittsburgh, Donald Chiarulli da Rami Melhem da Steven Levitan, sun bayyana wata dabara a 1987. Ku ɗauka 'yan aike biyu ne. Na farko, mai ɗauke da saƙo, ya tashi da wuri, amma a ƙofar kowane gida sai ya tsaya ya ja numfashi ɗaya. Na biyu ba ya tsayawa ko'ina, amma an jinkirta tashinsa. In an jinkirta shi da numfashi bakwai, a ƙofar gida na bakwai zai cimma na farko. Dokar ita ce, duk gidan da 'yan aiken biyu suka iso ƙofarsa tare, saƙon nasa ne. A cikin na'ura, 'yan aiken ƙyaftawar haske ne guda biyu a zare daban-daban, tsayawar kuwa ɗan ƙarin zare ne da aka naɗe a tsakanin gidaje. Ba a buƙatar rubuta adireshi, lokaci shi ne adireshin.

A kan wannan tushe aka gina samfura da dama a shekarun 1990. A 1996 Yi Pan da Keqin Li a Amurka suka gabatar da wanda ake kira LARPBS, Sandy Pavel da Selim Akl kuma a Kanada suka gabatar da AROB. A cikin LARPBS an ƙara makunnai iri biyu. Da ɗaya ana iya yanka titin gida-gida, kowace unguwa ta yi harkarta. Da ɗayan kuma kowace ƙwaƙwalwa tana iya tsayar da ɗan aike na biyu na numfashi ɗaya in ta ga dama. Ku dubi abin da wannan ke haifarwa. In ana so a ƙirga masu cewa i a cikin taro, sai duk mai cewa i ya tsayar da ɗan aiken sau ɗaya. Lambar gidan da 'yan aiken suka haɗu ita ce yawan masu cewa i. Hanyar da kanta ta yi ƙidaya a zagaye ɗaya. Da irin wannan hikima aka rubuta ɗimbin maƙalu masu nuna cewa jera lambobi bisa girma, da sarrafa hotuna, da wasu manyan lissafai, za su yiwu a cikin 'yan matakai kaɗan, kome yawan lambobin.

Inda gizo ke saƙa

A nan ne nake roƙon Malam ya bi ni da alli. Waɗannan samfura sun ɗauki zagaye ɗaya na titin a matsayin mataki ɗaya, ko ƙwaƙwale goma ne a kansa ko dubu. Bari mu auna. A ce kowace ƙyaftawar haske tana ɗaukar kashi ɗaya bisa goma na nanosakan. Tsawonta a cikin zare santimita 2 ke nan. Saƙo mai ƙyaftawa 32 zai kai santimita 64, don haka tilas a bar zaren da ya kai haka tsakanin kowace ƙwaƙwalwa da maƙwabciyarta, in ba haka ba ƙore su hau juna. Ƙwaƙwale 10 za su buƙaci mita 12.8 tafiya da dawowa, zagayen zai ci nanosakan 64. Ƙwaƙwale 1,000 za su buƙaci mita 1,280, zagayen zai ci nanosakan 6,400. A cikin wannan lokaci, ƙwaƙwalwa mai bugu biliyan ɗaya a sakan ta yi bugu 6,400 tana zaune tana jira. In kuwa miliyan ɗaya ne, zaren zai kai kilomita 1,280, ya fi nisan Zariya zuwa Ikko. Duk wannan a takarda sunansa mataki ɗaya.

Matsala ta biyu ita ce haske yana ƙarewa. Kowane gida sai ya ɗebi kaɗan daga hasken kafin ya karanta saƙo. A ce kowane yana barin kashi 95 cikin ɗari ya wuce. Bayan gida 14, abin da ya rage bai kai rabi ba. Bayan gida 100, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mai sayar da fura da ke bari a ɗanɗana a kowane zaure ya san abin da zai tarar a ƙwarya in ya kai bakin kasuwa. Ana iya sa na'urar ƙara ƙarfin haske a hanya, amma ita ma tana da kuɗinta da jinkirinta. Ta uku, dabarar 'yan aike biyu ta dogara ne ga daidaiton lokaci ƙwarai. Kuskuren santimita ɗaya ko biyu a tsawon zare ya isa ya kai saƙo gidan maƙwabci. Ta huɗu, ƙwaƙwalwa da lantarki take tunani, saboda haka kowane saƙo sai an juya shi zuwa haske, a sake juyo shi, kuma juyin yana cin lokaci da wuta.

Kada a fahimce ni da cewa masanan nan sun yi ƙarya. Sun faɗi sharuɗɗansu a fili, kuma a kan ƙwaƙwale 'yan kaɗan lissafinsu yana tsayawa. Kuskuren yana zuwa ne in aka ɗauki sakamakon takarda aka ce haka zai kasance kome girman na'ura. Shi ya sa aka nemi samfura masu faɗin gaskiya. A 1990 Leslie Valiant na Jami'ar Harvard ya fito da BSP, inda ake aiki zango-zango: kowa ya yi nasa, a yi musayar saƙo, a jira na ƙarshe ya gama, sannan a shiga zango na gaba, kuma musayar da jiran duk ana sa musu farashi. A 1993 David Culler da abokansa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito da LogP, mai tambayoyi huɗu: tsawon lokacin da saƙo ke yi a hanya, wahalar da mai aikawa da mai karɓa ke sha wajen ɗaure shi da kwance shi, tazarar da dole a bari tsakanin saƙo da saƙo, da kuma yawan ƙwaƙwale. Masu binciken titin haske su ma daga baya sun bi wannan sawu, suka riƙa sa tsawon zare da raguwar haske da iyakar yawan ƙwaƙwale a cikin lissafinsu. In aka auna da irin wannan ma'auni, wata dabarar da ta yi fice a takarda sai ta koma baya, wata mai sauƙi da ba ta cika aike ba ta wuce ta.

Haske bai faɗi ba, ya dai sami gurbinsa na gaskiya. Dogon titi guda mai ɗauke da dubban ƙwaƙwale ya fi yawa a takarda. Abin da ya tabbata shi ne, inda tazara gajera ce ana amfani da wayar tagulla, inda ta yi nisa a koma zaren gilashi. Alal misali, a 2023 kamfanin Google ya bayyana tsarin kwamfutarsa ta TPU v4, mai ƙwaƙwale 4,096. An kasa su rukuni 64, kowane rukuni da ƙwaƙwale 64 da aka haɗa da wayar lantarki, sannan aka haɗa rukunonin da zaren gilashi ta cikin na'urori masu ƙananan madubai da ke juya haske zuwa inda ake so. Watau kowace unguwa da lungunanta, sannan ga manyan tituna tsakanin unguwanni. Mu ma a nan mun ɗanɗana muhimmancin hanya a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin gilashi na ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Kwamfutocin bankuna suna nan lafiya lau, amma mutane da yawa sun kasa aika kuɗi, domin ɗan aike ya ɓace.

Abin da ya shafe mu

Yanzu sai in dawo gida. Na karanta takardar da kwamitinmu ya shirya a kan ɗakin kwamfuta, kuma ina yaba musu, domin aiki ne na sa kai da suka yi da zuciya ɗaya. Amma da izinin Shugaba zan ce takardar irin samfurin PRAM ce. Ta ƙirga kwamfutoci da tebura da kujeru. Ban ga layin wayar da za ta haɗa su ba, ban ga na wutar da za ta riƙe su in an ɗauke lantarki ba, ban ga kuɗin intanet na wata-wata ba, ban ga ladan mai gyara ba, ban kuma ga tanadin horar da malamin da zai tsaya a kansu ba. Da yawanmu mun taɓa shiga makarantun da aka kai wa kwamfutoci da biki da hotuna, bayan shekara biyu aka tarar da su a lulluɓe da ƙura. Kuɗin da za mu kashe gumin 'yan'uwa ne, wasu daga ɗan fanshonsu suka cire. Shawarata ita ce a rage yawan kwamfutocin da aka yi niyya, a sa abin da ya ragu a waya da wutar sola da gyara da malami, a kuma rubuta abin da ɗakin zai ci a kowace shekara har shekara biyar kafin a sayi ko da linzami ɗaya. Ashirin masu aiki kullum sun fi sittin da ke jiran wuta.

Ga ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke zaune a baya kuma, Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Samaru tun 1962, kuma cibiyarta ta kwamfuta tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Ba sai kun ƙetare teku ba kafin ku fara. Lissafin da na yi a gabanku yau bai wuce sau da rabawa ba, irin wanda ake koyarwa a ajin da kuke ciki. Ku riƙe shi da kyau, kuma duk wanda ya zo muku da alkawarin sauri, a kwamfuta ne ko a kasuwa, ku tambaye shi abin da ya bari bai ƙirga ba.

 Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da abokai, Allah Ya jiƙansu. Na ga Malam ya ajiye biro bai ɗaga hannu ba, don haka ina jin na ci wannan jarrabawa.